Murhun Ɗumi da Na Kai Kuala Lumpur

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A shago, a masallacin unguwa, har a teburin mai shayi, kowa sai ya ce, "Malam Sale, yaya Malesiya?" Ni kuwa sai in ce lafiya lau, domin ban san ta inda zan fara ba. Ɗanladi, abokin aikina na shekara ashirin da biyu, shi ya ce in zauna in rubuta sau ɗaya, duk mai tambaya a miƙa masa. Bokona bai wuce firamare ba, sai a yi haƙuri da yadda ya zo.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai walda ne a Dilimi, cikin Jos. Ina yin ƙofa da taga, amma an fi sanina da murhun ɗumama ɗaki. Akwatin ƙarfe ne mai ƙafa huɗu, da wurin zuba gawayi, da bututun da ke fitar da hayaƙi ta taga. Wanda ya taɓa kwana a Jos cikin Disamba ya san amfaninsa. Da ƙarfen gwangwan nake yin sa: tsohon duro, ƙofar firji, bonet ɗin mota, duk abin da Allah ya kawo.

Ummi 'yata ce ta biyu, sunan mahaifiyata gare ta. Ta karanta injiniya, ta auri Malam Nasiru, suka sami tallafin karatu suka tafi Kuala Lumpur, shi digiri na uku, ita na biyu. Bara zazzaɓi ya kama ta. Kwana biyar Allah ya karɓi abinsa. A can aka binne ta, ban samu zuwa ba. Iyakar abin da zan faɗa a kan wannan ke nan.

Aikin da ta zaɓa a makaranta a kan murhun nan nawa ne. Tana so ta lissafa irin nauyin da ƙera guda ɗaya yake ɗora wa ƙasa da iska: ƙarfe nawa ya ci, tsinken walda nawa aka ƙona, fetur nawa janareta ya sha, hayaƙi nawa ya tashi kafin murhun ya taɓa ganin gawayi. Da ta zo hutu ita kaɗai ta yi sati uku a kan bencin shagona da littafi a hannu, tana aunawa tana tambaya. Na ce mata, "Ummi, babu biyu da suke daidai, ta yaya za ki lissafa?" Ta ce, "Baba, ai shi ne aikin. Ba lamba ɗaya zan rubuta ba. Zan ce daga kaza zuwa kaza, kamar yadda manomi yake duban gona ya ce za a samu buhu ashirin zuwa talatin."

Wata takwas bayan rasuwarta Malam Nasiru ya kira ni. Ya ce aikin nata saura kaɗan ya rage, kuma malamar da ke duba ta tana neman a ba ta digirin da sunanta ko da ba ta raye. Sai dai akwai wani malami cikin masu yanke hukunci da ya ce lambobin ba su da shaida. Babu rasit, babu takardar kamfani, sai littafin hannu. Yana so ya ga murhun da idonsa, a auna a gabansa. Malam Nasiru ya ce, cikin ladabinsa, "Baba, in da hali a taho da guda ɗaya daga cikin na shago. Kuma a zo a ga kabari, a ga Amira." Amira jikata ce, shekararta huɗu, ban taɓa ganinta ba sai a waya.

A nan na yi abin da ya kusa ɓata komai, kuma gara in faɗe shi tun yanzu. Na shiga shago na dubi waɗanda ke jere. Ɗaya har tambarin kamfanin firji yana jikinsa. Wani rabinsa shuɗi, rabinsa ja. Na ce a raina, wannan zan kai gaban farfesoshi a ƙasar mutane, a ce aikin uban Ummi ke nan? Kowa ya san ba a kai wa baƙo tuwon jiya. Na je na sayi sabon farantin ƙarfe mai kauri, na yi kwana tara a kansa. Na gurje duk inda walda ta bi har ba a ganin ɗinki. Na sa masa ƙofa mai gilashi, na fesa baƙin fenti mai jure wuta. Ɗanladi ya zagaya shi sau biyu ya ce, "Sale, wannan ai ba murhu ba ne, kayan lefe ne." Na ji daɗin maganar.

Na tashi daga Jos da safe a motar haya, murhun a kwali a bayan but. Ta Akwanga da Keffi muka bi. A wani shinge aka ce in buɗe, aka ga bututu, aka tambaye ni ko na harba wani abu ne. Direban ya ce, "Oga, in ya harba, ɗumi zai harba." Suka yi dariya suka bar mu. A Abuja aka auna kwalin ya shiga cikin abin da aka yarda wa fasinja. Ban dubi lambar da sikelin ya nuna ba. Da na duba, wataƙila da na farga.

Jirgi biyu na hau, muka sauya a Addis Ababa. Ban taɓa hawa ba. Wanda ya zauna kusa da ni ɗan Onitsha ne mai sayo kayan waya, shi ya ɗaura mini bel, ya nuna mini yadda ake buɗe tiren abinci. Duk lokacin da jirgin ya girgiza sai ya kama hannuna ya kira Yesu, ni ina salati. Haka muka kai.

A filin jirgin Kuala Lumpur an daɗe da ni wajen jami'an shige da fice, suna duba wasiƙar gayyata da katin rigakafi, amma ba wanda ya ɗaga mini murya. Wajen kwastam ne kwalin ya bi ta na'ura, wata jami'a mai ɗankwali ta ce a buɗe. Ta duba ta sake dubawa. Na haɗa ɗan Turancina na ce hita ne, na rungume jikina na yi rawar ɗari don ta gane. Ta kira abokan aikinta biyu. Ɗaya ya nuna waje ta gilashi, inda rana take dukan kwalta, ya ce wani abu da ya ƙare da "lah", duk suka fashe da dariya. Murhun suka bar mini. Kilishin da na ɗauko wa Malam Nasiru ne suka karɓe, wai ba a shiga da nama. Kuka da daddawa sai da aka sunsuna, wanda ya sunsuni daddawar ya mayar da sauri.

Malam Nasiru yana jirana a waje, ya rame. Ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar mutane ya ce, "Baba, an iso lafiya? Ya hanya? Ya ƙarin haƙurinmu?" Na ce da godiya. Na kama hannunsa na ɗaga shi. Tare da shi akwai abokinsa Bashir, Bakatsine, ɗalibi ne shi ma, shi ke da mota. Bashir bakinsa ba ya hutawa, kuma rabin Hausarsa Turanci ne. Da ya ɗaga kwalin ya ce, "Wallahi Baba kun burge ni. Hita a Malesiya! Wannan ai kamar a kai wa kifi lema ne. Amma no wahala, boleh, wato zai yiwu in ji 'yan ƙasar, za mu sa shi a but." Na lura direba a dama yake zama, motoci kuma hagu suke bi. Har muka isa gida ƙafata tana neman birki a inda babu.

Gidansu a hawa na goma sha bakwai yake, a wani dogon bene da ɗalibanmu suka yi yawa. A bakin kowace ƙofa takalma ne jere, ba mai shiga da su ko ɗakin wa zai shiga, kuma ba mai ɗauka. Ɗakin da aka ba ni na karatun Ummi ne. Littattafanta suna nan yadda ta bar su, da hijabinta ɗaya a bayan ƙofa. Na roƙi a ba ni tabarma a falo, na ce zafi nake ji. Malam Nasiru bai tambaye ni dalili ba.

Amira ta leƙo ta bayan labule. Na ce, "Amaryata, ba za ki zo ki gaida angonki ba? Tun daga Jos na zo biko." Ta dubi ubanta ta ce, "Tak nak." Aka ce mini wai ba ta so, a yaren ƙasar. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci ko Malayanci take mayarwa. Sai kwana na uku ta zo da kanta ta ja mini hannun riga ta ce, "Atuk, makan." Wato kaka, a zo a ci abinci. Goshin uwarta gare ta.

Washegarin isowata muka je maƙabarta. Tasu ba kamar tamu ba ce. Kowane kabari da duwatsu biyu a tsaye, an rubuta suna, wasu an ɗaura musu farin ƙyalle. Mata suna zuwa, suna zuba ruwa da furanni, suna zama su yi karatu. Mu da muka saba da tudun ƙasa da guntun tukunya, abin ya zo mini baƙo. Amma na ga amfaninsa, domin ban sha wahalar nema ba. Wani tsoho mai kula da wurin ya kawo mini buta cike da ruwa ba tare da na roƙa ba. Na yi addu'a. Na zuba ruwan kamar yadda na ga suna yi. Da zan tafi tsohon ya kama hannuna da hannu biyu, sannan ya kai nasa ƙirji. Haka suke gaisawa.

Game da abinci, shinkafa ce safe da rana da yamma. Ta safe da madarar kwakwa ake dafa ta, a sa yaji mai zaƙi da ƙananan kifi da gyaɗa. Komai nasu sai an sa sukari, har miya. Abin da ya karɓe ni shi ne shagunan Indiyawa Musulmi da suke kira mamak, inda ake yin wani fanke mai laushi da miyar wake, da shayin da ake zubawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Mai shayin unguwarmu yana yin haka, amma na can hannunsa ya fi nisa. In ba ka cinye ba sai ka ce tapau, a ƙulle maka. Bashir ya sa na ɗanɗana wani ɗan itace mai ƙaya, durian, wai sarkin 'ya'yan itatuwa. Warinsa kamar an buɗe kwata kusa da mai sayar da albasa. Na ci don kada in ba shi kunya. Ya ce, "Baba, yaya?" Na ce, "Allah ya ja zamanin sarki, amma ni talakan mangwaro ne."

Wani abin da ban zata ba shi ne sanyi. An ce mini ƙasar zafi ce, ban ɗauki ko suwaita ba. Waje kam zafi ne mai gumi, ga ruwan sama kusan kullum da la'asar. Amma cikin jirgin ƙasa, cikin kanti, cikin ofis, na'urar sanyaya ɗaki ce kamar firjin mai kifi. Ni mutumin Jos sai ga ni ina kyarma a Kuala Lumpur, sai da Bashir ya ara mini jaket. Ranar Juma'a suka kai ni Masjid India, inda layukan 'yan yadi suke. Sahu ya fito har kan titi, kowa da 'yar dardumarsa, Malayawa da Indiyawa da mutanen Bangladesh da namu. Ban ji huɗubar ba ko kalma ɗaya, amma da aka tayar da salla sai na ji kamar ina gida.

Ranar Litinin ni da Malam Nasiru da Bashir muka kai murhun jami'a. Malamar Ummi dattijuwa ce Bamalaya, gajera, mai magana a hankali. Da ta gan ni ta sa hannu a ƙirji, idonta ya kawo ruwa, ta ce Ummi 'yarta ce. Malamin da ke shakka kuwa dogo ne ɗan asalin Sin, da gilashi a kan hanci, ba ya murmushi. Ba zan kira sunan kowa ba. Aka buɗe kwalin a ɗakin gwaji, murhun ya fito yana sheƙi. Na ɗan gyara tsayuwa. Ma'aikacin wurin ya ɗora shi a sikeli. Kilo goma sha tara.

Dogon malamin ya buɗe takardun Ummi, ya sa yatsa a wani layi, ya juya wa malamar. Ya ɗauko wani abin awo ya gwada kaurin ƙarfen. Ya ƙwanƙwasa gilashin ƙofar. Ya yi magana mai tsawo da Turanci, ba da faɗa ba. Na dubi Malam Nasiru na ga fuskarsa ta sauya. Na ce, "Malam Nasiru, me suka ce?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Sun yaba aikin, Baba. Sun ce yana da kyau ƙwarai."

Bashir ya tuƙo mu gida. Da muka isa Malam Nasiru ya hau sama ɗauko Amira daga wajen maƙwabta. Na riƙe Bashir a wajen ajiye motoci na ce, "Kai ba surukina ba ne. Faɗa mini."

Ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, gaskiya akwai problem. Marigayiya ta rubuta murhunku yana tsakanin kilo shida da sha ɗaya, kuma kusan duka tsohon ƙarfe ne. Wannan sha tara ne, sabon ƙarfe fil. A lissafinsu sabon ƙarfe nauyinsa daban ne, domin sai an haƙo shi, an narka shi da wuta mai yawa, an ɗauko shi a jirgin ruwa. Tsoho kuwa ya riga ya yi rayuwarsa. To mutumin ya ce in wannan ne murhun, lambobinta ba daga shagon suka fito ba."

Na ce, "Daga ina suka fito?"

Ya ce, "Bai faɗa ba. Amma Baba kun gane. Wai kamar a ɗaki ta zauna ta ƙirƙira."

Na tambaye shi me ya sa Malam Nasiru bai gaya musu cewa ba irin wannan nake sayarwa ba, alhali ya san shagona. Bashir ya ce, "Haba Baba. Ya tsaya gaban mutane ya ce surukinsa ya kawo abin da ba shi ba? Ai ko za a kore shi daga makarantar ba zai iya ba."

Na zauna a kan dakalin wurin. Yarinyar da tun tana ƙarama in ta fasa kofi ita ke zuwa ta faɗa kafin a tambaya, ita ake wa zaton ƙarya, tana kwance ba ta iya kare kanta. Kuma ba maƙiyi ya ja mata ba. Ni ne, da fentina.

Da Malam Nasiru ya sauko na ce masa gobe zai mayar da ni jami'ar, kuma duk abin da na faɗa ya juya shi yadda yake, kada ya gyara mini. Ya ce, "Baba, da an bari na san yadda zan yi." Na ce, "An bari sau ɗaya, ga inda ya kai mu."

Da safe na tsaya gaban malamar da dogon malamin. Na ce wannan murhun ban taɓa yin irinsa ba, kuma ba mai iya sayensa a unguwarmu. Na ce kunya ce ta sa na yi shi, don kada a raina 'yata a ce ubanta da bola yake aiki. Na ce da bola nake aiki, da ita na biya mata makaranta, kuma abin da ta rubuta shi ne gaskiya. Malam Nasiru ya juya musu, kuma Bashir ya tabbatar mini daga baya bai rage komai ba.

Dogon malamin ya cire gilashinsa ya goge. Ya ce ya ji, kuma mahaifinsa ma da zai yi haka. Amma magana ba awo ba ce. Yana bukatar ya ga na gaskiyar.

Malamar ce ta kawo shawarar a kira shagon ta bidiyo. Suna gabanmu da awa bakwai, saboda haka aka sa ƙarfe uku na rana, lokacin takwas na safe a Jos. Na kira Ɗanladi na ce ya fito da duk murhun da ke shago, kada ya goge ko ɗaya, kuma ya aro sikelin 'yan gwangwan na maƙwabta. Ya ce, "Kayan lefen fa?" Na ce, "An fasa auren."

Aka haɗa wayar da babban allo a bango. Sai ga Dilimi a cikin jami'ar Kuala Lumpur: ƙarar guduma, mai kunu tana wucewa, Ɗanladi da hular sanyi har kunne. Guda goma sha huɗu ya jera, kowanne da kalarsa. Mai tambarin firjin yana gaba. Na ji kunya ta taso, na haɗiye ta.

Kafin a fara na ce akwai abin da ya kamata su sani. Sikelin 'yan gwangwan ba ya faɗin gaskiya, domin da shi suke saye, kullum yana rage wani abu. Mai sikelin yana tsaye a gefe ashe yana ji. Ya leƙo cikin wayar ya ce, "Malam Sale, a ƙasar waje ma sai ka tona mini asiri?" Aka juya wa dogon malamin. Karo na farko ke nan da na ga haƙoransa. Ya ce a nemo abin da aka san nauyinsa. Ɗanladi ya je kanti ya aro ƙullin sukari na kamfani mai kilo ɗaya-ɗaya guda goma, aka ɗora. Sikelin ya nuna tara da rabi. Malamin ya rubuta, ya ce yanzu an san girman ƙaryar, za a iya aiki da ita.

Awon ya ɗauki kusan awa biyu, domin sau huɗu layin yana yankewa, sau ɗaya kuma wani ya zo sayen murhu Ɗanladi ya tsaya ciniki muna kallo. Yana ɗorawa yana faɗin asalin kowanne: wannan duron mai ne, wannan ƙofar bas ce, wannan tankin ruwa ne. Ma'aikacin yana rubutawa yana ƙara abin da sikelin ya ci. Bakwai. Tara da rabi. Shida da kwata. Goma. Kowace lamba ta fito sai in ga idon Malam Nasiru ya koma kan takardar Ummi. Goma sha uku suka faɗa cikin iyakar da ta sa. Na ƙarshe, wanda na yi da ƙofar tirela saboda wani mai gidan kaji, ya kai sha uku.

Malamin ya juyo gare ni da tambayoyi. Tsinken walda nawa? Na ce in ƙarfen mai kyau ne uku, in ruɓaɓɓe ne yana huda har bakwai. Da wutar gwamnati ko janareta? Na ce wannan sai a tambayi masu wutar, amma a sati ba ta fi kwana biyu. Shekara nawa murhu yake yi? Na ce ban sani ba. Ya ce in ba shi lamba ɗaya. Na ce ba ni da ita. Na mahaifiyata ya yi sha biyu domin tana kwashe toka kullum, na 'yan makaranta kuwa da suke kashe wuta da ruwa ba ya wuce uku. In na ba shi lamba ɗaya na sake kawo masa murhu mai fenti. Ya dubi takardar ya daɗe. Malamar ta juyo da ita wajena ta nuna mini layin, ko da yake ba na karanta Turanci sosai. Lamba dai na gane ta. Uku zuwa sha biyu.

Ya ce abu ɗaya ya rage. Tunda an ga mai kilo sha uku, dole a faɗaɗa iyakarta ta sama daga sha ɗaya zuwa sha uku, a sake gudanar da lissafin a gabansa. In sakamakon ya tsaya, zai sa hannu. In ya rushe, ba zai sa ba.

Malam Nasiru ya fito da kwamfutar Ummi daga jaka. Ya bayyana mini cewa na'urar tana yin kamar mai jefa ƙuri'a. Za ta ɗauki nauyi ɗaya daga cikin iyakar, ta ɗauki adadin tsinke, ta ɗauki ranar wuta ko ranar janareta, ta ƙera murhu a lissafi. Ta sake, ta sake, sau dubbai, sannan ta nuna inda yawancinsu suka taru. Abin da Ummi ta samu shi ne, a murhun gwangwan ba ƙarfen ne babban nauyi ba, fetur ɗin janareta ne. Wanda yake son rage ɓarnar, wutar shago zai gyara, ba murhun ba. Wannan maganar ce za ta tsaya ko ta faɗi.

Ya buɗe wurin, ya kai alamar kan sha ɗayan da ta rubuta. Sai ya tsaya. Hannunsa yana kan na'urar amma bai danna ba. Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Baba, tun da ta rasu ban canza mata ko ɗigo ba. A taimaka mini."

Ya goge lambar da kansa, ya matsa gefe. Ban taɓa taɓa kwamfuta ba. Yatsana ya yi wa maɓallan girma, ga tabon wuta. Ya nuna mini inda suke. Na danna ɗaya, na danna uku.

Na'urar ta yi aiki kamar tsawon alwala. Ba wanda ya zauna. Sai zane ya fito, tudu mai faɗi, aka ɗora shi a kan nata na da. Gefen dama ya ɗan matsa kamar faɗin farce. Sauran yana inda ta bar shi.

Dogon malamin ya duba, ya zaro biro daga aljihun rigarsa ya sa hannu. Sannan ya zagayo teburin ya tsaya gabana ya yi magana gajera. Na dubi Malam Nasiru, amma ya juya fuskarsa bango. Bashir ne ya juya mini, kuma wannan karon bai sa Turanci ko ɗaya ba. Ya ce, "Baba, ya ce ya yi wa 'yarku zaton da bai dace ba, yana neman afuwa. Ya ce awonta daidai ne."

Na ce a gaya masa na yafe, nawa laifin ya fi nasa.

Kwana huɗu bayan haka na kamo hanyar gida. Kafin in tafi na koma maƙabarta ni kaɗai, Bashir ya jira ni a mota. Na gaya mata an sa hannu. Na gaya mata na taɓa mata lamba ɗaya, kuma lissafin bai rushe ba.

Allah ya jiƙanta, ya jiƙan namu da naku. Wanda ya karanta ya sa ta a addu'a.